Muryar Turakun Baba

Tun kafin idon Baba ya fara ba shi matsala, kowane turken shinge a gonarmu yana da suna. Shi ya kafa su da hannunsa lokacin da yake jin ƙarfi, itatuwa ne da ya saro daga nan da can, shi ya sa babu biyu da suka yi kama. Akwai Gurgu, wanda ya karkace tun ranar da aka kafa shi kuma ya ƙi faɗuwa. Akwai Dogo, akwai Mai Ƙusumbi, akwai Tagwaye da suke manne da juna a bakin rariyar da ke kai ruwa cikin gona. Akwai kuma wani ƙato a kusurwar gabas da Baba ya raɗa wa Kawu, wai don ya fi kowa ƙiba kuma ba ya riƙe da komai. Mama ta daɗe tana fushi da wannan suna, don ƙaninta ake nufi, amma ita ma in za ta aike ni sai ta ce in ɗauko mata bokitin da ta bari wajen Kawu.

Ni ce auta, kuma a gindin turakun nan na tashi. A jikin Dogo muke shanya kayan makaranta, a bayan Mai Ƙusumbi nake ɓuya in na yi laifi, duk da cewa rabin jikina a waje yake. Har yau in na tuna gida, su nake fara gani kafin ɗakunan.

Idon Baba a hankali ya tafi, bai kuma taɓa yi mana ƙorafi ba. Abin da ya riƙe shi ne tafiyarsa ta safe. Da ya gama shan shayi sai ya ɗauki sandarsa ya fita ta ƙofar baya, ya ɗora hannun hagu a kan Gurgu, daga nan ya bi shinge turke bayan turke. Ya wuce garken awaki, ya tsallake rariya in ya taɓa Tagwaye, ya karya kwana a wajen Kawu, har ya isa bencinsa a ƙarƙashin mangwaron da ke ƙarshen gona. Can yake zama sai rana ta yi zafi. Babu mai riƙe masa hannu, wanda ya gwada kuwa zai sha magana. Ya bar noma, ya bar tuƙin babur, ya bar zuwa kasuwa shi kaɗai. Wannan tafiyar ce kaɗai ta rage masa, duk mun sani.

Gaskiya dai shingen ya mutu. Gara ta cinye cikin itatuwan, wasu in ka tura da yatsa sai gari ya zubo. Awakin maƙwabta sun mai da gonarmu gidan ubansu. Yayana, wanda yake aiki a shagon sayar da kayan gona a cikin gari, kullum ya zo sai ya tsaya ya riƙe ƙugu yana kallon shingen kamar an zage shi. Baba yana kiransa Injiniya don tsokana, saboda tun yana yaro ba ya iya ganin abu a karkace ya wuce.

Da aka kwantar da Baba a asibiti don a gwada yi masa aikin ido, ni da Mama muka tare a can wajen jinya. Yaya ya ga dama ta samu. Bai gaya wa kowa ba, wai yana so Baba ya buɗe ido a kan abu mai kyau. Ya kawo masu kafa shinge da mota cike da turakun roba farare tas, kowanne cikinsa rami ne daga sama har ƙasa, ga hudoji a jere inda waya za ta bi, ga murfi a kai don kada ruwan sama da zanzaro su shiga. Gara ba ta cin su, ba sa tsatsa, ba su da nauyi. Aka ja igiya aka jera su, tazarar wannan daidai da ta wancan. Tsofaffin itatuwan kuwa ya ba mai gidan burodi ya kwashe.

Aikin ido bai yi ba. Ɗan hasken da Baba yake gani ma da shi aka tafi.

Ranar da muka dawo, Yaya ya ja shi zuwa bayan gida yana ta zuba bayani, bakinsa har kunne. Baba ya shafa turke na farko daga sama zuwa ƙasa, ya matsa ya shafa na biyu, ya daɗe hannunsa a kai. Ya yi wa Yaya sannu da ƙoƙari, ya sa masa albarka. Sannan ya tambaya a hankali, “Ina Gurgu?”

Yaya ya yi dariya ya ce ai Gurgu ya daɗe da zama burodi. Shi kaɗai ya yi dariyar.

Washegari Baba ya sha shayinsa ya ɗauki sanda kamar kullum. Ina leƙensa ta tagar kicin. Ya fara da kyau, sannan na ga yana tsayawa, yana komawa baya, yana shafa wannan ya shafa wancan. Duk santsinsu ɗaya, tsawonsu ɗaya. Babu Tagwayen da za su ce masa ga rariya, sai kawai ya zurma ƙafa ciki ya durƙusa a cikin taɓo. Kafin in isa ya miƙe, yana rungume da wani farin turke, ya juya fuskarsa inda ba gida ba. Bai ɗaga murya ba. “Auta,” ya ce, “zo ki mai da ni.” Ranar ce ya fara miƙo mini hannu da kansa, kuma ban taɓa jin baƙin ciki irin na wannan riƙon ba.

Ya sake gwadawa. Yaya ya ce ya riƙa ƙirga turakun, Baba ya ce shi ba zai tsufa yana ƙirga gonarsa kamar ɗan aji ɗaya ba, kuma ko ya ƙirga, da wani ya gaishe shi ta bayan shinge lissafin ya zube. Daga nan ya daina fita. Ya sa aka ajiye masa kujera a baranda, yana zaune daga safe har yamma, sandar tana jingine a bango. Ya rage cin abinci, ya rage tsokanar Mama, wanda shi ya fi tayar mata da hankali.

Ni kuwa na sauke wa Yaya kwandon masifa. Na ce masa mutum ya je gari ya koyo awo da igiya amma bai koyo tambaya ba. Na ce ya kwashe wa makaho idanunsa ya kai gidan burodi. Maganar ta yi nauyi, na sani, ya kuma girme ni nesa ba kusa ba, amma ko kallon banza bai yi mini ba. Mama ce ta ce in iya bakina, in bar shi da abin da yake damunsa.

Ya yi ta ƙoƙarin gyarawa, abin dariya abin tausayi. Ya je gidan burodi, ya tarar toka kawai ta rage. Ya ɗaura tsummoki a jikin turakun, awaki suka cinye su kafin azahar. Har fenti ya sayo launi-launi, ya buɗe gwangwani ya tsoma buroshi, sannan ya tsaya yana kallon hannunsa, ya tuna Baba ba zai ga launin ba. Ya mayar da murfin ya kai gwangwanayen sito, ni kuma na yi kamar ban gani ba.

Wata ranar hutu da yamma na matsa wa Baba sai ya ɗan taka, ko don ƙafafunsa. Ya yarda da ƙyar. Ina riƙe da hannunsa, Yaya yana bin mu a baya kamar mai jiran hukunci. Baba yana tafiya yana ƙwala wa kowane turke sanda don haushi, su kuma suna amsawa ƙwam, ƙwam, kamar an bugi jarkar da babu komai a ciki. Ya ce ji su nan, duk bakinsu ɗaya, babu mai abin faɗa. Da muka kai kusurwar gabas ya kai duka, sai aka ji dum. Ya tsaya. Ya sake bugawa.

“Wannan fa, me ya same shi?”

Yaya ya matso ya ce na kusurwa ne, shi yake ɗaukar jan waya daga ɓangare biyu, shi ya sa masu aikin suka cika cikinsa da siminti don kada ya lanƙwashe.

Baba ya shafa turken. “Ya cika ciki ya yi shiru,” ya ce. “Ai wannan Kawu ne. Ashe dai ya samu aikin yi.” Sai ya yi dariya, ta farko tun da muka bar asibiti.

Na juya in ga ko Yaya ya ji, na tarar ba ya wurin. Yana wajen turke na gaba, ya sa makullin babur ya ɓalle murfin, ya kafa ido ɗaya yana leƙen cikin ramin.

Hutu ya ɗauka a wurin aiki. Muka tara duk tarkacen gidan nan a baranda: yashi, tsakuwa, ƙaiƙayi, tsofaffin ƙusoshi, marafan kwalba, har da cokulan Mama da suka karye. Aikin ba wuya, a cire murfi, a zuba, a mayar da murfi. Wuyar tana wajen Baba, don shi ne alƙali. Sai mun kai shi gaban turke ya buga, ya karkata kai ya saurara, ya ce a ƙara yashi, ko a rage, ko ya ce wannan muryar ta yi kama da ta maƙwabcinsa. Ragewa kuwa sai an tuge turken an juye shi, Yaya yana gumi yana haƙa, ba ya ko tsaki. Dogo aka bar shi wayam, don dama shi surutu gare shi. Mai Ƙusumbi ya sha ƙaiƙayi har wuya, muryarsa ta dushe. Biyun da ke bakin rariya Yaya ya zura marafan kwalba a waya ya rataya su daga cikin murfi, ko iska ta kaɗa sai sun yi caccaka, balle sanda. Su ne Tagwaye.

Wani lokaci Yaya yakan ce shi fa bai ji bambanci tsakanin wannan da wancan ba. Baba ya ce masa, “Idonka ne ya cika maka kunne, Injiniya. Rufe shi ka ji.” Ya rufe, ya buga, ya buɗe ya ce har yanzu dai. Baba ya ce to ya ci gaba da haƙa, kowa da abin da ya iya.

Na farko a bakin ƙofar baya shi ya zo ƙarshe. An zuba masa tsakuwa rabi, Baba ya buga ya ce murya ta yi, amma Gurgu bai taɓa tsayawa ƙyam haka ba. Ina kallon Yaya, mutumin da ko hoto ya gani a karkace a gidan mutane sai ya gyara. Ya ɗauki shebur ya sassauta ƙasar gindin, ya sa kafaɗa ya tura turken har ya kwanta gefe, ya take ƙasar da ƙafa. Ya ja baya ya dube shi, fuskarsa kamar ya sha magani mai ɗaci.

Da safe Baba ya gama shayinsa, ya lalubo sanda, ya ce kada wanda ya biyo shi. Muka tsaya a bakin ƙofa ni da Yaya. Mama tana wanke kofuna, kofi ɗaya ta yi ta wankewa. Muka ji Gurgu, muka ji Dogo, muka ji dusasshiyar muryar Mai Ƙusumbi, sautin yana nisa. Garken awaki ya tare mana shi, sai kuma shiru ya yi tsawo. Yaya ya ɗaga ƙafa zai bi, Mama ta damƙe masa riga da jiƙaƙƙen hannu ba tare da ta dube shi ba. Sai ga caccakar Tagwaye. Bayan ɗan lokaci, can nesa, dum. Da muka hango farar hularsa a ƙarƙashin mangwaro, Yaya ya zauna a dokin ƙofa ya rufe fuska da tafin hannu, ni kuma na nemi gafararsa a kan maganar gidan burodi.

Baba ya yi shekaru yana wannan tafiyar kafin Allah ya karɓi abinsa. Shingen yana nan, gara ba ta taɓa shi ba, kamar yadda Yaya ya yi alkawari. Sandar tana rataye a bayan ƙofa.

Kwanaki na je duba Mama, na tarar Yaya ma ya zo. Da safe ina kicin ina haɗa shayi sai na ji tsakuwar Gurgu ta amsa, Dogo ya biyo baya. Na ajiye buta ban sani ba. Na leƙa ta taga. Yaya ne, da furfurarsa, sandar Baba a hannun dama, hannun hagu a kan wayar shinge, idanunsa a rufe gam. Bai san ina kallonsa ba. Ya buga Mai Ƙusumbi ya karkata kai ya saurara, ya wuce. Da Tagwaye suka yi caccaka, ya ɗaga ƙafa ya tsallake rariyar bai buɗe ido ba.