Awa Shida a Baya

Alhaji Nata'ala ya ɗora yatsa a kan jan layin da ke fuskar kwamfutar, ya danna shi kamar mai murƙushe kiyashi.

"Wannan abin nake faɗa miki, Malama Turai. Yau mako uku da na ce ki gyara shi."

"Ba lalacewa ya yi ba, Alhaji. Ni na sa shi haka."

"To abin da ya fi ɓata min rai ke nan."

Shekarar Turai huɗu tana kula da rumbun bayanan wannan ƙaramin asibiti, wanda ƙungiyar unguwa ta gina a wani lungu bayan Ƙofar Mazugal, Alhaji kuma shi ne shugaban gudanarwa. Na'urori biyu ke riƙe da bayanan marasa lafiya a wani ɗan ɗaki da a da ake ajiye tsintsiya da bokiti. Ma'aikata suna ce musu Hassana da Husaina. Duk abin da likita ko nas ya rubuta, Hassana yake shiga, ita kuma Husaina ta kwafa. A ko'ina kwafar nan kafin ƙiftawar ido ake yin ta. Turai ce ta saita tata daban: Husaina za ta karɓi kowane umarni nan take, amma ta ajiye shi, ba za ta aiwatar ba sai ya cika awa shida.

Ta yi bayanin dalili har bakinta ya gaji. Idan wani ya yi ɓarna a Hassana, mai saurin kwafa ɓarnar za ta kwafa, a rasa duka biyun a lokaci ɗaya. Faifan da ake ajiye kwafin kowace rana ya ƙone tun damina, takardar neman sabo tana kan teburin Alhaji an ɗora mata kofin shayi. Katunan takarda na da kuwa gara ta riga ta yi buki da su. Duk wannan Alhaji ya ji, ya gyaɗa kai, ya manta.

Abin da bai manta ba shi ne gobe baƙi za su zo, mutanen da ke ba asibitin magani kyauta. Saboda su ya ɗauko ɗan yayarsa, Injiniya Mubarak, daga Abuja, ya kafa wani babban allo a bangon ofis mai nuna lafiyar komai. Komai kore shar, sai layi ɗaya ja da ke cewa Husaina tana baya da awa shida.

Mubarak ya gyara tsayuwa, yana juya makullin mota a yatsa. "Anti, babu mai yin haka yanzu. Duk wanda ya san sistem ya ga wannan, cewa zai yi ba mu san aikinmu ba."

"In sun tambaya ni zan amsa."

"Ba za ki amsa ba," in ji Alhaji, "domin ba za su gani ba. Za ki cire ko ba za ki cire ba?"

Ran Turai ya ɓaci, ta kuma ji tsoro, domin da albashin nan take riƙe da mahaifiyarta. Amma ta ce, "Ba zan cire ba, Alhaji."

Ya zaro takardar tuhuma daga aljihun babbar rigarsa, wadda da alama tun safe aka buga ta, ya nuna mata ya mayar. Ya karɓi laftof ɗin ofis, ya karɓi makullin ɗakin na'urori, ya je da kansa ya datse kwaɗon. Ya ce da Mubarak in sun dawo daga sallar Azahar ya cire jinkirin da hannunsa. Suka fita masallaci ƙarfe ɗaya da kwata.

Turai ta zauna a bencin marasa lafiya, hannu babu komai. Tana nan zaune ta ji murya ta tashi daga tagar karɓar magani.

"Ni ce na mutu? Sake dubawa, 'yar nan. Da ƙafata na tako daga Zaitawa."

Ya Zara ce, matar marigayi Goni Bashir, tsohuwa doguwa mai zane a fuska irin na mutanen Barno, wadda duk asibitin ya san ta da rashin ɗaukar raini. Tun da aka yi mata aikin zuciya take shan maganin tsinka jini, kuma wata-wata ake auna mata shi bisa gwajin jininta. In ya yi yawa jini ya ɓalle, in ya yi kaɗan ya daskare. Sista Safiya, nas ɗin da ke bakin tagar, ta yafito Turai da hannu, ta juyo mata fuskar kwamfuta. Zara Goni, Zaitawa, ta rasu cikin azumin bara. Babu gwaji, babu awon magani.

"Wannan ai ɗaya Zarar ce, matar Goni Haruna," in ji Ya Zara. "Ni na yi mata wanka."

Turai ta ɗaga kai ta kalli babban allon ta ƙofar ofis. Jiya marasa lafiya dubu tara da ɗari takwas da saba'in ne. Yanzu sun ragu da ɗari huɗu da goma sha uku.

"Safiya, wa ya taɓa rajista yau?"

"Injiniya ne da safe. Ya ce kowa ya fita daga sistem zai yi shara kafin baƙi su zo. Wai duk masu suna ɗaya, unguwa ɗaya, ranar haihuwa ɗaya, mutum ɗaya ne aka rubuta sau biyu."

Turai ta dafe kai. Wanda aka haifa a asibitin Abuja da takarda a hannu ne kawai zai yi wannan tunanin. A cikin birni, duk dattijon da aka tambaya ranar haihuwarsa ya ce shekarar da aka yi fari ce, ko shekarar da gobara ta ci kasuwa, ɗaya ga Janairu ake rubuta masa, a kintaci shekarar. Sunaye kuwa jika na cin na kaka, ɗan wa na cin na ɗan ƙane. Zara Goni biyar ta sani a Zaitawa kaɗai.

"Ƙarfe nawa ya yi?"

"Wajen takwas."

"Takwas saura ko takwas da wani abu?"

"Wallahi ban duba ba. Mai share mana asibiti dai ta riga ta gama a lokacin."

Agogon bango ya nuna ɗaya da minti talatin da biyar. A cikin Husaina mutum ɗari huɗu da goma sha ukun nan suna nan daram, domin ita har yanzu a safiya take. Amma umarnin Mubarak yana cikinta yana jiran lokacinsa, wanda zai iya zama ƙarfe biyu, zai iya zama biyu saura kwata. In ma bai cika ba, da zarar Mubarak ya dawo ya cire jinkirin, Husaina za ta haɗiye awa shidan a minti ɗaya.

Ta kira Alhaji, waya a kashe. Ta kira Mubarak, ta ji wayarsa tana ƙara a kan teburin ofis. Lasifikar masallaci ta fara tayar da iƙama.

"A zare wayar da ta haɗa su ta taga mana," in ji Safiya.

"Saƙon ya riga ya isa, zare waya ba zai hana ba. Sai na shiga na tsayar da ita da hannuna."

Ta fita ƙofar asibiti. Mai walda na tsallaken hanya ya rufe ya tafi salla, haka mai faci. Asibi mai awara ce kaɗai a gindin kaskonta, gatarin faskaren itacenta jingine da bango. Turai ta ɗauke shi ta juya.

"Malama, lafiya?"

"Yanzu zan dawo miki da shi."

Sarar farko ta zame ta ɓantari katakon ƙofa. Matan da ke kan benci suka miƙe, wata ta ja ɗanta baya. Safiya ta riƙe mata hannu.

"Turai, korar ki za a yi."

"An riga an buga takardar. Matsa."

Ya Zara ta jawo kujera ta zauna a gefe, ta dogara sandarta. "Ba kwaɗon za ki sara ba, 'yar nan, ƙarfen da ke riƙe da shi za ki sara. Ba ki taɓa ɓatar da makullin ɗaki ba?"

A sara ta huɗu ƙarfen ya fita da kusoshinsa. Ɗakin ya yi zafi, fanka ɗaya na kaɗawa a kan na'urorin. Turai ta durƙusa gaban ƙaramin allon da ke manne da Husaina, garin sauri har ta rubuta kalmar sirri ba daidai ba sau ɗaya. Ta shiga, ta ba da umarnin tsayawa, sannan ta nemi sunan. Zara Goni, Zaitawa, guda biyar, huɗu a raye. Ta buɗe jerin umarnin da ke jira. Na Mubarak ya shigo takwas saura minti takwas, saura minti shida ke nan lokacinsa ya cika.

Ta zauna dirshan a ƙasa, sai a lokacin ta ji tafin hannunta yana zugi. Ta karanta wa Safiya gwajin Ya Zara na ƙarshe da awon maganinta, Safiya ta rubuta a bayan wata takarda ta ruga.

A haka Alhaji da Mubarak suka same ta, gatari a bakin ƙofa.

"Kin fasa ƙofar asibiti da gatari," in ji Alhaji, muryarsa ƙasa-ƙasa saboda jama'a.

"Na fasa."

Ta juya allon ta nuna wa Mubarak sunayen da ya goge. Ya yi ta gangarawa yana karantawa, makullin motar ya daina juyawa. Akwai masu ciwon suga, akwai masu farfaɗiya, akwai wani dattijo da aka rubuta da manyan baƙaƙe cewa kada a kuskura a yi masa wata allura.

"Duk ɗaya ga Janairu," ya ce a hankali. "Na ɗauka kuskuren masu shigar da bayanai ne. Wallahi Anti ban san haka ake yi ba."

"Tambayi kawunka ranar da aka haife shi."

Alhaji ya kawar da kai yana gyara hula.

Har bayan La'asar suna aiki. Turai ta saki Husaina ta tako a hankali har daidai bakin umarnin sharar, ta tsallake shi, ta mayar wa Hassana mutanenta. Marasa lafiyar da aka gani tun safe ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana tabbatarwa ba a rubuta na wani a kan wani ba. Mubarak, a ba shi haƙƙinsa, ya cire agogo ya zauna yana karanto mata sunaye.

Ya Zara ba ta tafi ba sai da ta leƙo ta ga sunanta da idonta, duk da ba boko take karantawa ba. Ta ƙulle maganinta a bakin mayafi.

"Allah ya yi miki albarka. Ni da ma gobe na yi niyyar zuwa, ƙafar nan ta dame ni. Sai na zazzage kwalbar na ga babu ko ƙwaya."

Turai ta bi ta da kallo har ta fita. Gobe. Da tsohuwar ta bi ƙafarta, da awa shidan sun cika babu wanda ya sani, da an wayi gari Hassana da Husaina baki ɗaya suna rantsuwa cewa ta mutu.

Alhaji ya shigo ya tura abin da ya rage na ƙofar. Ya sassauto, irin sassaucin mai neman a rufa asiri.

"Abin da ya faru ya faru, Malama Turai. Kin yi ƙoƙari, ban ce ba ki yi ba. Maganar ƙofa na yafe. Amma baƙin nan ƙarfe goma za su iso, maganin shekara guda muke nema a hannunsu. Ki mayar min da layin nan kore na yini ɗaya tak. Jibi ki yi yadda kike so. Takardar nan kuma a gabanki zan yaga ta."

Ya fito da ita ya riƙe da hannu biyu. Turai ta dube ta, ta tuna mahaifiyarta, ta tuna kuma gobe ne ranar da kowa zai so ya nuna wa baƙi iya taɓa kwamfutarsa. Ta jawo madannan rubutu na kwamfutar gabanta, ta buɗe wurin da ake rubuta tsawon jinkiri, ta goge shidan. Alhaji ya saki ajiyar zuciya. Ta rubuta sabon adadi ta danna.

Ya sunkuyo ya ƙanƙance ido. "Me ke nan kuma?"

"Awa ashirin da huɗu."

Mubarak ya dubi allon, ya dubi kawunsa.

Turai ta miƙe ta karkaɗe siket ɗinta, ta ɗauki gatarin Asibi da hannun hagu, ta miƙa wa Alhaji na dama.

"Kawo takardar in sa hannu, Alhaji. In baƙin sun tambayi jan layin, a kira ni in yi musu bayani. In kuma kafin nan an kore ni, Sista Safiya ta san gidanmu."