Zare a Tafin Hannu

Tun da aka ɗora Tela a kan maganin kuturta, Gwaggonsa ta tsiro da wata al'ada mai ban haushi. Kullum da safe sai ta faɗo shago, ta ture tarin yadi, ta ce ya rufe ido. Ta kama guntun zare da haƙora, don yatsunta sun daɗe da guntulewa, ta goga masa a tafin hannu.

"Ina na taɓa?"

Da ya faɗa sai ta fice, ko sai an jima babu, shi kuma ya raka ta da harara.

Ana murna jiki ya fara kyau, sai tabon kuturtar da ke damtsensa ya yi jawur, ya kumbura, yana zafi kamar an ɗora masa dutsen guga. Tela, sarkin yanke hukunci, ya ce maganin ne ya juya masa. Ya cusa kwalin a durowar keken ɗinki, ya zura riga mai dogon hannu, ya ja bakinsa ya yi gum.

Washegari da zare ya sauka a gindin ƙaramin yatsa bai ji komai ba, sai tambayar Gwaggo. Da hannun nan kuwa yake ci da iyalinsa. Ya daure ya yi shaci-faɗi.

"Babban yatsa."

Gwaggo ta tofar da zaren. "Naɗe hannun rigar nan, ɗan nema."

Ta danna masa gwiwar hannu da dungunta, ya zabura. Ba faɗa, ba salati, da kanta ta rufe shagon ta tasa shi gaba har asibiti. Wallahi matar nan ta isa.

"Magani bai yi laifi ba," in ji likita. "Garkuwar jikinka ce ta farka, ta afka wa ragowar ƙwayoyin cutar a fata. A wannan turmutsutsu ne kumburi ke shaƙe jijiya. Ka koma kan maganinka, ga kuma na kumburi. Da ka ƙara jinkiri, da riƙe allurar ɗinki ya gagare ka."

Sannu a hankali yatsan ya farfaɗo. Ranar da ya ji zaren yana yi masa tafiyar tsutsa, ya buɗe ido da ƙwalla, kunyar hararar nan ta rufe shi.

"Gwaggo, me ya sa ba kya fashi ko sau ɗaya?"

Ta dubi hannayenta. "Lokacin da nawa ya tashi, babu wanda ya ce in rufe ido."