Hannun Hagu

Kowace Laraba Barau ke ɗauko matarsa Munawwara a babur daga ƙauyen Turawa zuwa Karaye, ta dangwala yatsa a ofishinmu na sa ido kan waɗanda kotu ta yi wa sassauci. Faɗa ta yi a bakin rijiya, ta fasa wa wata goshi. Alƙali ya ɗauke mata gidan yari, ya ba ta wata shida tana sharar makaranta, da sharaɗin kada ta kwana ko'ina sai gidan mijinta, tunda shi ya tsaya mata. Kowa ya ce ta yi dacen miji. Har ni na faɗa, Allah Ya yafe mini.

Ran nan sai ta miƙo mini katinta da hagu. Munawwara fa, wadda ko gaisuwa sai ta durƙusa! Na lura hannun daman na maƙale a cikin hijabi. Na ce, "Malam Barau, taimaka ka yo mana kwafin takardar nan a bakin tasha." Ya fita yana tsaki.

Akwai tambayoyin da aka ce mu riƙa yi wa mata, amma ban bi ta kansu ba. Na ɗaga hijabin. Tsintsiyar hannun ta kumbura suntum.

"Shi ne?"

Ta sunkuyar da kai. "Cewa yake in na fita, zai zo ya janye hannunsa daga tsaya mini a kai ni gidan yari."

"Kina da inda za ki?"

"Gidan Baba, a Gwangwan."

"Zan rubuta wa kotu a mayar da ke can."

"Yau, Anti Bahijja?"

Raina ya ɓaci da aikin nan nawa. Na gaya mata gaskiya: mako biyu ne, kuma dole a kai wa wanda ya tsaya mata takardar sanarwa.

"To a ina zan kwana mako biyun?"

Sai muka ji ƙarar babur a ƙofa.

"Rubuta a rahotonki cewa ba komai," in ji ta. "Don Allah."

Barau ya shigo ya tsaya a kanta. Ta zaro hannun daman a hankali, ta danna yatsan a tawada, ta danna a takarda. Gumi ne kawai ya keto mata.

Ni kuma na rubuta ba komai.