Shaida da Sheda

Da hantsi, wajen ƙarfe goma, hadari ya taso ta gabas ya tsaya bai zubar ba, ya bar gari da zufa. Sirajuddeen na shagonsa na gyaran kwamfuta a Gwandu sai waya ta shigo daga Kalgo.

Alhaji Abdulrasheed ne, shugaban ƙungiyar manoman shinkafa. Ya ce sunayen masu neman irin shuka dole su tafi ta imel kafin la'asar, kuma imel ya ƙi fita. In aka rasa irin, to Atiku, magatakardan da ke kula da kwamfutar, ya ajiye makullin ofis.

Sirajuddeen ne ya haɗa musu sabar imel ɗin, wato na'urar da ke aika wasiƙunsu. A shagonsa ya gwada ta, ta yi aiki lafiya, ya tura wa Atiku fayil ɗin saiti da satifiket, takardar shaidar da na'ura ke nunawa kafin a karɓi wasiƙarta. Da baki ya ce masa a buɗe folda mai suna shaida a zuba satifiket ciki.

Yanzu ya hau babur zuwa Kalgo, bai yi gudu ba. Babur ɗin ma ba ya yi.

Ya tarar da Atiku zaune gaban kwamfuta, hula a gwiwa, Alhaji na tsaye a kansa.

"Yaya Atiku, mi ta ce?"

"Ba ta ce komai ba, Siraju. Da ta yi magana da mun sasanta."

Sirajuddeen ya buɗe fayil ɗin. Sunan na'urar har yanzu gwandu ne, alhali a satifiket kalgo aka rubuta.

"Alhaji, wagga na'ura tana Kalgo amma tana cewa ita 'yar Gwandu ce."

"Kamar surukina ke nan," in ji Alhaji. "Shekara ashirin yana nan."

Ya gyara sunan, ya sake tada ta. Ta ce ba ta ga satifiket ba. Alhaji ya duba agogo, ya fita alwalar azahar, ya ce in ya dawo yana son jin wanda ya ɓata.

Sirajuddeen ya bi hanyar foldar a hankali, da yatsa a kan gilashi. A fayil ɗinsa an rubuta shaida. Foldar da Atiku ya buɗe kuwa sunanta sheda. Satifiket na ciki, ba abin da ya same ta.

Ya dubi Atiku. Mutumin na kallon silin, leɓensa na motsi. 'Ya'yansa biyar, kuma shi ya koya wa Sirajuddeen hawan keke.

Bai taɓa foldar ba. A nasa fayil ɗin ya goge haruffa biyu ya sa ɗaya. Imel ya fita, amsa ta dawo an karɓa.

Alhaji ya shigo da ruwa a gemu. "To, wa ya ɓata?"

"Sunan garinmu ne na manta ban cire ba, Alhaji."

"Mutanen Gwandu," Atiku ya ce, yana mai da hularsa. "Ko'ina sai kun bar sunanku."

Sirajuddeen ya ce haka ne. Yayyafi ya fara, ya tura babur ɗin Atiku ƙarƙashin rumfa, sannan ya hau nasa.