Tsayuwar Bakin Ƙofa

Sau goma sha tara 'yar ƙanwata tana zuwa bakin ƙofar nan ta dafa, sau goma sha tara darakta yana cewa a sake. Mutum ne mai ƙoƙari, sai dai a ganinsa ba abin da maimaici ba ya gyarawa.

Fim ɗin da suke sabuntawa, ni na riƙe kyamararsa shekara ashirin da bakwai da suka wuce, mahaifiyarta ce kuma jarumar. Bai yi kasuwa ba. Abu ɗaya mutane suka riƙe: inda jarumar za ta fita daga gida, ta tsaya cak, ta dafa ƙofa, ta yi wani ɗan murmushi da babu shi a rubuce. Bayan wata huɗu ƙanwata ta rasu wurin haihuwa. Yarinyar ba ta san uwarta a ko'ina ba sai a wannan kaset, shi ya sa ta nace ita za ta fito a matsayinta.

Da aka ba da hutu ta same ni a kan benci, bayan fitilu, kwalliyarta duk ta jiƙe da gumi.

"Kawu, na kalli wurin nan ya fi sau dubu. Hannun daidai, tsayuwar daidai. Me ya rage? Ko dai ban gado ta ba ne?"

Maganar ta soke ni. Shekara da shekaru ina jin ana yabon gwanintar ƙanwata a wurin nan, na ja bakina na yi shiru, don ba na so in rage wa mamaciya ko ƙwayar zarra.

"Ba wasa take yi ba a nan," na ce. "Ke ce kika motsa. A ranar ta fara jin motsinki a cikinta. Kaset ɗinmu ya kusa ƙarewa, ba halin sakewa, muka bar shi haka."

Ta daɗe tana kallon hannunta. Da aka koma aiki ta wuce ƙofar ba ta dafa ba. Darakta ya yi ta faɗa, ta ce a kan haka ta tsaya.

Sabon fim ya cika gidajen kallo, jaridu suka ce ya dame na farko ya shanye. Ban musa ba, ya fi shi haske da sauti.

Ranar da aka ba ta kyautar gwarzuwar jaruma ba ta je ba. Gidana ta zo, ta sa tsohon kaset, ta tsayar da shi daidai bakin ƙofar, ta ɗora yatsa a gilashin talabijin.

"Kawu," ta ce, "ashe mun taɓa fitowa tare."