Mang Lata Ba Ya Magana

Ƙanena Rodel taurin kai gare shi tun yana yaro. Ga sanƙo ga furfura, amma da zarar an sa ranar babban taron masoya littattafan zane da labaran sararin samaniya a Manila, shi ke nan ya bar cin abinci. Ni ce 'yar rakiyarsa. Wanda ya shiga cikin shigar mutum-mutumin ƙarfe ba ya gani sosai, ba ya iya riƙe komai, dole a samu mai jan hannunsa, mai ɗaukar masa waya da ruwa da gam. To ni ce wannan baiwar Allah, Ate ɗinsa, wato yayarsa.

Bana abin ya fi na kullum, don Amihan za ta zo. Ita kaɗai ce 'yarsa. Tun tana firamare aurensu ya mutu, uwarta ta tafi da ita Kanada, sai gaisuwar Kirsimeti a waya. Ta zo biki, dangin uwa suka kankane ta, sai ranar komawarta ta ce za ta biyo ta taron kafin ta wuce filin jirgi.

"Ka je ka same ta kamar ɗan Adam, da riga da wando," na ce masa.

"Ate Perla, ba za ki gane ba. Ita fa ta zana shi."

Da gaskiyarsa. Tana 'yar mitsitsiya ta zana wani mutum-mutumi mai kai kamar tukunyar dafa shinkafa, da kunne ɗaya, da jar zuciya a gwiwa, wai kowa a ƙirji yake sa tasa. Ta raɗa masa Mang Lata, wato Malam Gwangwani. Shi Rodel ya kwashe watanni yana yanka shigar Mang Lata daga soso mai tauri, ya cika min falo da warin fenti. Saƙon da ya tura mata kuwa ɗan guntu ne: "Ki zo, za ki gane ni."

Su masu irin wannan shiga suna da wata al'ada. In ka sa kan, ba ka magana, ba ka kuma cire shi a cikin zaure, kada yara su ga gumi da fuskar wani tsoho. Babu wanda ya rubuta ta. Rodel ne ma yake yi wa sababbi faɗa a kanta.

Ranar, zafin cikin jifni, motar hayarmu, ya narkar da gam, kafin mu isa kunnen Mang Lata ya fara reto. Zauren kuwa ba masaka tsinke: masu shuɗin gashi, masu fukafukai, masu takubban roba, ga layin masu jiran sa hannun masu zane ya naɗe kamar hanji. Sabis ɗin waya ya mutu murus, kamar yadda yake yi duk shekara in jama'a ta yi yawa. Na jingine Rodel a gindin wani ginshiƙi.

"Kar ka motsa, Malam Gwangwani. Bari in aro bindigar gam a teburin gyara."

Ya ɗaga min babban yatsa. A teburin kuma na tarar da wata mai jelar kifi da wani mai karyayyen ƙaho a gabana, sai da na jira.

Da na dawo, yara sun yanyame shi, biyu na rungume da ƙafarsa. Shi kuwa ya juya yana fuskantar ƙofar fita, hannunsa ɗaya a sama. Yana hango ni ya cafke ni da ƙaton hannun nan, ya ja ni yana tafiyar agwagwa har ɗakin canza kaya. Na cire masa kan. Ba gumi kaɗai ne a fuskarsa ba.

"Ta zo, Ate."

"Wa? Amihan? Tana ina?"

"Ta tsaya a gabana. Ta yi tsawo, ta fi ki. Ta ce, 'Malam, don Allah in ɗauki hoto?' Ta daɗe tana kallon zuciyar. Ta ce wa ƙawarta kamar ta san abin nan. Sai ta tambaye ni daga wane littafi ne."

"Ka ce me?"

"Na nuna ta, na nuna gwiwata. Ta yi dariya, ta ɗauka wasa ne. Ta gode min ta tafi."

"Rodel! Bakin naka ɗinke shi aka yi?"

"Yara na riƙe da ni. Na ce bari ki dawo ki faɗa mata."

"Yaran mutane! Taka yarinyar fa? Kai, wallahi ban taɓa ganin sakarai irinka ba."

Na faɗa, kuma har yau ina baƙin cikin faɗar, don bai ko ɗago ba. Muka ɓaɓɓalle kayan, muka kutsa waje. Muna fita saƙonninta suka shigo a jere. Papa, na iso. Papa, na zagaya ban gan ka ba. Mota na jira. Na ƙarshe ya ce: "Ba komai, Papa. Dama ban sa rai sosai ba." Ya kira, a kashe. Muka tari tasi zuwa filin jirgi, cunkoso ya riƙe mu a hanya har lokacin tashinsu ya wuce.

A cikin tasin muka ga ta haɗa da hoto. Ga ta nan tana murmushi irin na mahaifiyarmu, ta zagaya hannu a ƙugun Mang Lata, ta kwantar da kai a kafaɗarsa. A ƙasa ta rubuta: "Dubi wanda na gani. Da ka zo da ya burge ka."

Rodel ya yi ta buɗa hoton da yatsunsa masu busasshen gam.

"Ate, dubi hannunta. Ashe rungume ni ta yi."

"Ba ka ji ba?"

"Soson ya yi kauri," ya ce. "Ban ji komai ba."