Tsuntsun Baba Labaran

"Ba baƙi ba, fari nake so. Cikinsa fari ne tas," in ji Baba Labaran, yana miƙo hannu bai ko juyo ba.

Maƙwabcinsa Gwamna ya tona buhun murafun kwalabe ya zaɓo farare biyar. Suna kan rufin benensu ne a unguwar Hor Al Anz ta Dubai, allon katako jingine da tankin ruwa. Wata uku ke nan suna liƙa masa murafu, har siffar tsuntsu ta fito: baƙin baya, gajerun fukafukai, tsaye ƙiƙam kamar mutum.

Fengwin ake kiransa. Baba Labaran mutumin Fagge ne, ya shekara ashirin a aikin jirgin ruwa kafin ya zauna a Dubai yana ɗaurin kaya a Al Sabkha. A wata tashar jiragen ruwa can kudancin Afirka ya taɓa ganin tsuntsayen nan, baƙin mai ya malalo ya lulluɓe su. Kwana huɗu ya yi cikin masu wanke su da sabulu, ɗaya har ya cije shi a yatsa. Tun daga nan ba ya iya ganin shara a ruwa ya wuce. Duk Asabar sai ya tattara mutanen gidan su je gaɓar ruwan Deira tsintar robobi. Allon kuwa so yake a kafa shi ranar babbar sharar gaɓa, masu wucewa su gani su tambaya.

Wasila, maƙwabciyarsu mai sayar da abinci, takan tsokane shi. "Baba, tsuntsun sanyi a garin da rana ke soya ƙwai?"

"Ruwan duniya guda ne, 'yata. Ledar da aka jefa nan ba ta neman biza."

Ran nan murfi na uku bai kai ga allon ba. Ya suɓuce, ya gangara. Baba ya zauna daɓas, ya dafe ƙirji. Gwamna ɗan Zonkwa ne, mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki, shekara shida ƙofarsa na kallon ta tsohon. A bayansa ya goyo shi har ƙasa.

Asibiti suka ce zuciya ce. Bayan mako guda aka sallamo shi, ya rame, muryarsa ta shige. Gwamna ya sauko da allon, amma allon ya ƙi shiga ɗaki, sai ya jingine shi a baranda ya bar ƙofa a buɗe. Daga kan katifa Baba yake ba da umarni.

"Idon ya karkace. Matsar da shi kaɗan. Khalas, ya isa haka."

Ranar Lahadi Baba ya ce, "Ba ka je coci ba?"

"Na je na dawo, Baba."

"Ka sa ni a addu'a?"

"Na sa ka."

"Madalla. Kai ma kana cikin tawa kullum."

Ranar Laraba bayan azahar Gwamna yana kan tsani a wani sito a Ras Al Khor, wayarsa ta yi ƙara. Wasila ce. "Yaya Gwamna," ta ce, sai kuka ya ci ƙarfinta. Ya sauko a hankali, ya zauna a matakin ƙarshe, sukurdireba a hannunsa.

A maƙabarta ya tsaya baya har aka idar da salla, sannan wani dattijo ya jawo hannunsa, shi ma ya zuba ƙasa.

Ranar sharar su goma sha ɗaya suka fito. Suka kafa allon a gaɓa, ƙafar tsuntsun ta hagu ba a gama ba, babu wanda ya yarda ya ƙarasa. Wata Bafilifina ta tsaya ta tambayi wanda ya yi shi. Wasila ce ta amsa.

Gwamna ya ɗauki buhunsa ya gangara bakin ruwa. Wani kwalekwalen fasinja ya wuce, igiyar ruwa ta zo ta jiƙa masa takalmi. Can kan wani turke, baƙin tsuntsun ruwa ya buɗe fukafukansa yana shanya su a rana.